Layi Na Uku

Ranar Litinin da Nuriyya ta miƙo hannu ta ce in ba ta wayar ƙungiya, hannuna na cikin ruwa ina wanke ƙwarya. Ban ma fahimci inda ta dosa ba. Na ce ta ɗauka mana, ga ta can a kan buhu. Sai ta ce, "A'a, Adda Altine, da hannunki za ki ba ni. Kuma daga yau ki dakata da zuwa rumfa sai an gama bincike."

Na ce, "Binciken me?"

Mata goma sha huɗu na zaune a tabarma, babu wadda ta ɗaga kai. Ni da na fara tallar nono a garin Minna tun Nuriyya na goye a bayan uwarta, ni ce aka ce in dakata. Na goge hannu da gefen zane, na ɗauko wayar na dangwarar mata, na ɗauki ƙwaryata na fita.

Bari in koma baya, don wanda bai san mu ba. Ƙungiyarmu sunanta Ƙwarya Ɗaya, mu goma sha shida ne, duk mata. Muna da rumfa da ɗaki guda a Tudun Fulani, da firji biyu masu aiki da hasken rana. Daga rugagen wajen Maikunkele ake kawo mana madara. Kowace ta dafa tata a gida, ta kwantar, ta kawo kindirmo rumfa da safe, a haɗa a zuba a robobi, a kai gidaje da shagunan abinci. Nuriyya ce shugaba, saboda ta yi makaranta kuma bakinta na da daɗi. Theresa, 'yar Kudancin Kaduna da aure ya kawo Minna, ita ke kula da firji da rubutun taro. Ni ba ni da muƙami. Ni ce babba, kuma ban iya shiru ba.

Muna da wata al'ada da muka ɗauka tun farko. Kowace ta zo da ƙwaryarta, za ta ɗage faifai ta ajiye a tsakiya. Ta kusa da ke ta sa ludayi ta ɗanɗana naki, ke ma ki ɗanɗana nata. Wadda ta tsuga ruwa, ko ta zuba garin rogo don ya yi kauri, harshen 'yar'uwarta zai faɗa. Ba a rufe ƙwarya a rumfarmu. Shekara tara muna haka, kuma da wannan ne muka yi suna.

Bara ne ciniki ya fi ƙarfin wayoyinmu. Wannan ba caji, waccan tana wajen biki, mai shago ya kira ya gaji ya koma wani wuri. Sai Nuriyya ta kawo Gaiya, wani dattijo mai shagon haɗa waya a Barkin Sale, wanda ya yi aikin tarho tun zamanin da ake jan igiya a kan fal-waya. Ya haɗa mana wayar da ke bi ta intanet. Lamba guda ce ta ƙungiya, amma a ƙarƙashinta kowace na da layinta. In an kira, ta fara ƙara a tarho biyu na kan tebur a ɗaki, su ne layi na ɗaya da na biyu. In ba a ɗauka ba, ta wuce zuwa wayoyin hannunmu. Ni aka ba layi na uku don girma, aka rubuta sunana a kansa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

A wannan zaman ne Gaiya ya ce kowace za a ba ta lambar sirri tata, doguwa, haruffa gauraye da lambobi, kuma kada wadda ta gaya wa wata.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Kai mai waya, maimaita. Kada in gaya wa wa?"

Ya ce, "Kowa, Mama. Ko Hajiya Nuriyya."

Na ce, "Matan nan da kake gani, kullum sai sun sa harshe a nonona. Na yi wa rabinsu wankan jego. Yau kai ka zo daga Barkin Sale ka koya mana rufa-rufa? A nan wadda ta rufe abinta ita ce mai ruwa a nono. Kuma ni haruffan Nasara ban san su ba, kana so in riƙa zuwa ƙofar shagonka ina roƙo a buɗe mini wayata?"

Mata suka ɗauki shewa. Gaiya ya ce ba don junanmu ba ne, don na waje ne. Na ce na wajen ya zo ya same mu. Ya ce to dole dai a sa wani abu, na'urar ba ta karɓar ƙasa da lamba shida. Na ce ya nuna mini lambar da ta fi sauƙin ganewa. Ya nuna mini ɗaya, ga ta tsaye kamar sanda. Na ce a jera shida, ta kowa da kowa. Aka ɗaga hannu, aka shafa fatiha, Theresa ta yi tata addu'ar. Daga ranar muke ce mata sanda shida. Gaiya ya girgiza kai ya danna.

To, wannan ke nan. Na dawo ranar Litinin.

Ban kai bakin titi ba Theresa ta biyo ni da gudu, takalmi guda a hannu. Ita ta gaya mini abin da ya faru, domin ni tun Juma'a ina ruga bayan Maikunkele wajen sunan jikar ƙanwata, inda sabis sai an hau tudu. Ta ce daga Juma'a da rana zuwa Lahadi, wani ya yi ta kiran masu cinikinmu da lambar ƙungiya. Namiji ne, Hausarsa tas. Sai ya ce daga ofishin Ƙwarya Ɗaya yake, Inna Altine ce ta ce a kira, za a yi wa tsofaffin masu ciniki ihsani, a karanto masa lambar katin banki da wadda za ta shigo ta saƙo. Da yawa sun kashe wayar. Malama Zakiyya ba ta kashe ba. Tsohuwar ungozoma ce a unguwarmu, shekara ashirin tana shan nonona tun kafin a yi ƙungiya. Ta karanta masa, aka share abin da ke cikin asusunta. Ranar Lahadi kamfanin da ke ba mu layi ya rufe lambar gaba ɗaya, ya aiko saƙo cewa duk kiran daga layi na uku ya fito.

Theresa ta ce, "Mama Altine, ni ban yarda ba. Amma Hajiya ta riga ta faɗa a wuri uku."

"Ta faɗi me?"

"Cewa an gano daga wayar wa abin ya fito. Ta faɗa a gidan Malama Zakiyya, ta faɗa a shagon abincin Hannah, ta faɗa a Islamiyyar mata. Wai don kada sunan ƙungiya ya ɓaci."

Na ce, "Sai nawa ya ɓaci, tunda shi ba shi da mai shi."

Daga nan gidan Zakiyya na nufa. Na yi sallama sau uku. Ba ta buɗe ba, ta bayan ƙofa ta yi magana, muryarta a sanyaye. Ta ce, "Altine, da wani suna ya kira, da ban saurare shi ba. Sunanki na ji." Na tsaya ina kallon ƙofar. Daga baya na juya na kama hanyar gida.

Kwana biyu na yi a gida. Madara ba ta san an dakatar da mutum ba, mai kawowa ya kawo, na dafa na kwantar don hannu ya saba. Na aika wa maƙwabta kyauta. Gida biyu suka karɓa, gida ɗaya suka dawo da shi wai suna da saura. Matar da ta dawo da shi, ni na kwana uku a gefenta ranar da mijinta ya rasu. A lokacin na gane irin abin da aka ɗauke mini. Waya ba ta dame ni ba, na rayu shekara hamsin babu ita. Rumfa ma zan iya bari, kaina bai manta ɗaukar ƙwarya ba. Amma mai sayar da abin da ake sa wa a baki, in aka daina yarda da ita, me ya rage mata? Ba ni da gona, ba ni da takarda. Abin da na tara a garin nan shi ne in an ce na Altine ne, ba a ɗanɗanawa kafin a saya.

Ranar Laraba na hau keke napep zuwa Barkin Sale. Ba neman taimako na je ba, faɗa na je yi. A raina, wanda ya kawo mana wannan masifar ta intanet shi zai fito ya wanke ni, ko in zauna a ƙofar shagonsa har kowa ya san dalili.

Na same shi yana cin dafaffiyar gyaɗa a gaban kwamfuta. Ya ce, "Mama, sannu da zuwa. Zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"To tsaya, amma ki matso. Tun Litinin nake jiran wata daga cikinku ta zo ta tambaye ni. Ke ce ta farko."

Wannan ya ɗan tsayar da ni. Na ce, "Nuriyya ba ta zo ba?"

"Ta kira ta ce in buɗe layi. Ba ta ce in gaya mata abin da ya faru ba."

Ya juyo da fuskar kwamfutar. Na ce ya san ban iya karatu ba, kada ya raina mini hankali. Ya ce ba karatu zan yi ba, kallo zan yi. Ya nuna mini wasu jajayen layuka jere da juna, ba iyaka.

"Kowane ja da kike gani, wani ne ya gwada makullin da bai dace ba, wato lambar sirri. Ba mutum ne zaune yana dannawa ba. Na'ura suke sakewa, tana yawo a intanet tana laluben irin wannan wayar a duk duniya, ta samu ta hau gwaji. Kin ga nan? Layi na ɗaya. Ta gwada ta gaji, saboda tarhon tebur na ɗaure su da ɗakinku, ba sa amsa kowa daga waje. Na biyu ma haka. Ga layi na uku." Ya sa yatsa. "Ja. Ja. Sai kore."

"Koren me ke nan?"

"Ta shiga. A gwaji na uku."

Ya ce, "Da farko ta gwada lambar layin kanta. Sai ta gwada ɗaya zuwa shida. Na ukun kin san shi, Mama. Ke kika raɗa masa suna."

Na ji kamar an zuba mini ruwan firji a baya. Duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce, "Sanda shida ta kowa ce. Me ya sa nawa?"

"Don naki ne na farko a cikin layukan wayar hannu. Da Hajiya Nuriyya ce ta uku, da ita ce tsaye a nan tana zagina. Da suka shiga suka tarar da sunanki a rubuce a kan layin, suka tarar da jerin duk wanda ya taɓa kiranku. Ba sai sun san ki ba."

Ya ƙara nuna mini abu biyu. Na farko, wayata ta ɓace daga intanet tun Juma'a da hantsi, ba ta dawo ba sai Lahadi da yamma, ga shaidar a rubuce. Na biyu, a minti guda an yi kira goma sha biyu tare daga layina. Ya ce, "Na san bakinki, Mama, amma ko ke ba za ki iya magana da mutum goma sha biyu a lokaci ɗaya ba."

Ban yi dariya ba. Na ce, "Wane ne? Ɗan wace unguwa ne? Nuna mini gidansu."

"Sawunsa ya bi ta ƙasa uku kafin ya iso nan. Mai maganar zai iya zama a Minna, zai iya zama a wata uwa duniya. Na tattara komai na ba Malama Zakiyya ta kai banki da hukuma. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, da wuya ki ga fuskarsa."

Wannan ya fi komai ci mini rai. Duk wanda ya taɓa cuta ta a rayuwa, na san ƙofar gidansa, na je na faɗa masa abin da ke cikina na dawo na yi barci. Wannan kuwa ya shiga bakina ya yi magana da sunana, kuma ba shi da fuska.

Sai na zauna. Gaiya ya turo mini gyaɗar, na ture.

Ya ce, "Ni ma ina da nawa kason. Bara tsoron bakinki na ji na danna. Ya kamata in ce ba zan haɗa ba, in ɗauki jakata in tafi. Kuma akwai abin da ake sawa, in an yi kuskure sau uku ƙofa ta rufe, ban sa ba don kada ku riƙa kulle kanku kuna kirana. Wannan zan faɗa da bakina."

"To ka zo gobe ka faɗa. Ka ce ba ni ba ce."

"Zan zo. Zan iya cewa na'ura ce ta fasa, ba ke ba, in yi shiru daga nan. Gaskiya ce, kuma ta ishe ki. Amma kamfani ba zai buɗe lambar ba sai kowace ta karɓi makullinta daban. Jiya na gaya wa biyu daga cikinku a hanya, suka ce mini a rumfarsu ba a rufa-rufa. Maganarki suke maimaitawa, Mama, kalma da kalma. Daga bakina ba za su karɓa ba."

A keke ina dawowa, ta gefen masu gasa masara da masu gyaran babur, na yi ta juya abin. In Gaiya ya tsaya a rabin magana, na fita fes, Nuriyya ta ji kunya, ni in shiga rumfa ina taƙama. Abin da na fito nema ke nan. Amma lambar za ta zauna a rufe, kindirmon mata goma sha biyar na ta tsami a firji. In kuma an buɗe da wata sandar, wata Zakiyyar za a samu. Na tambayi kaina, al'adarmu ce ta yi kuskure? A'a. Har gobe zan ɗage faifai. Kuskurena shi ne na ɗauka waya rumfa ce, inda na san duk wadda ke zaune. Ashe ƙofarta a bakin hanyar duniya take, kuma ni na ce kada a sa mata sakata, don kada 'yar'uwata ta ji haushi, don kuma kada a gane ban iya haruffa ba. Wannan na biyun shi ne wanda ban so in kalla.

Ranar Alhamis da safe na shiga rumfa ba tare da an gayyace ni ba. Gaiya na biye da ni da kwamfutarsa. Nuriyya ta buɗe baki, na ce, "Ki bari ya gama, sannan ki kore mu tare."

Ya nuna musu ja da kore, da kira goma sha biyun, da kwanakin da wayata ba ta kan intanet. Ya faɗi nasa laifin bai rage ba. Mata suka fara salati, wasu na satar kallona. Ya zo daidai wurin da zai iya tsayawa, sai ya dube ni ya yi shiru.

Na miƙe. Na ce, "Ƙofar da ɓarawon ya bi, sanda shida ce. Ni na zaɓe ta. Mutumin nan ya ce a yi wa kowace makulli, na zage shi a gabanku kuka yi shewa. Na ce rufa-rufa ce. Rabin gaskiyar ke nan. Ɗaya rabin, tsoro na ji a ba ni abin da ban iya karantawa ba. Yau na janye maganata. Kowace ta karɓi nata."

Sai Nuriyya ta gyara mayafi ta ce, "To alhamdu lillahi, Adda, kin faɗa da bakinki. Ashe dai ko ta ina aka bi, daga wajenki abin ya fito. Ni ban yi ƙarya ba ke nan."

Jinina ya hau. Na ce, "Nuriyya, dube ni. Wauta na yi, sata ban yi ba. Ki kira ni wawuya daga nan har kasuwa, zan amsa. Amma a wuri uku kin bar mutane da tunanin na sayar da tsohuwar da ta karɓi haihuwar 'ya'yanki. Kwana huɗu kina riƙe da waya, ba ki taka zuwa Barkin Sale kin tambaya ba. Ba ki ma tambaye ni ba, ga ni a gabanki ina wanke ƙwarya."

Theresa ta buɗe littafin taro. Ta ce, "Hajiya, ranar da aka zaɓi lambar nan na rubuta. Hannu goma sha shida aka ɗaga. Har da nawa. Naki ne na biyu."

Wata daga baya ta ce, "Ni hannu biyu ma na ɗaga." Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi in an ji kunya. Nuriyya ba ta yi ba. Ta ce, "Na tsorata ne, Adda. Mutane na ta kirana. Me kike so in yi?"

"Inda kika faɗa, can za ki je ki gyara. Wuri ukun. Ina tsaye a gefenki."

Har azahar Gaiya na aiki a ɗaki, muna shiga ɗaya bayan ɗaya. Abin da na ji wa tsoro bai ma taso ba. Doguwar lambar sau ɗaya ya sa ta a cikin wayar, ya ce ba sai na haddace ba, wayar kanta kuma ya kulle ta da zanen babban yatsana. Na ce, "Da ka faɗi haka bara!" Ya ce, "Kin bar ni na kai nan?" Ya ɗaure kowane layi da wayar mai shi, ta yadda ko an saci lambar, wata na'urar ba za ta shiga ba. Ya sa in an yi kuskure sau uku ƙofa ta rufe. Ya hana layi guda yin kira biyu a lokaci ɗaya, ya toshe kiran ƙasar waje tunda ba mu da mai shan fura a can. Ya cire sunayenmu daga kan layukan, ya ɓoye jerin masu ciniki inda Theresa kaɗai ke iya buɗewa. In kira ya yi yawa fiye da yadda aka saba, saƙo zai shiga wayarsa da ta Theresa. Wadda wayarta ta ɓace ta faɗa a take, a yanke layinta.

Wasu sun ɓata rai duk da haka, suna ganin an raba mu. Sai na ce duk Litinin Theresa ta karanto a tsakiyar rumfa kiran da kowane layi ya yi, kowa na ji. Makulli na kowa daban, amma abin da aka yi da shi a fili. Aka yarda. Gaiya kuma ya ɗauki muryata, duk wanda ya kira ita zai fara ji: "Nan Ƙwarya Ɗaya ne. Nono muke sayarwa. Duk wanda ya tambaye ku lambar banki da sunanmu ɓarawo ne, ku kashe waya." Ya ce in sassauta murya a sake ɗauka. Na ce a bar ta haka.

Da la'asar muka fita ni da Nuriyya. A shagon Hannah abin ya zo da sauƙi, ta ce ita dama ba ta yarda ba, ko da yake na san ta yarda. A Islamiyya Nuriyya ta tsaya gaban mata ta faɗa har ta kai ƙarshe. Gidan Zakiyya muka bari a baya.

Wannan karon ta buɗe. Ta rame a kwana huɗun nan. Ba ta ce mu shiga ba, a zaure muka tsaya. Nuriyya ta ce, "Malama, na zo in gyara maganata. Adda Altine ba ta ci amanar kowa ba. Ni na yi gaggawa." Ta bayyana sauran yadda ta iya. Ni kuma na faɗi nawa, har da sanda shida, ban rage ba.

Zakiyya ta saurara har muka gama. Ta ce, "Na ji. Na kuma yarda, Altine. Zuciyata dama ba ta kwanta da zancen ba." Ta ƙara da cewa, "Amma abin da ya tafi, na ajiye shi ne don aikin idona. Bankin sun ce in jira."

Na samu abin da na fito nema, an wanke ni a wuri uku, kuma ga ni tsaye gaban matar da wankin nan bai mayar wa komai ba.

Na ce, "Gobe za a buɗe layi. An gyara, ba mai sake shiga."

Ta ce, "Allah Ya sa. Ni dai na goge lambar, kuma ba zan sake ɗaukar ta ba, ko muryar wa na ji. In kina da kindirmo, ki kawo da ƙafarki, in ga fuskarki."

Daga rumfa zuwa gidanta akwai ɗan hawa, kuma gwiwata ta hagu ba ta son hawa. Robobin kowa a keke ake kai su. Nata ni ke ɗauka, kullum bayan an gama ɗanɗane, in je in ƙwanƙwasa, in tsaya inda za ta gan ni da kyau kafin ta zare sakata.